Jakar Goyo a Hanyar Epe

Na rufe shagona na Agege, na ce kwana uku.
Na cusa wa jaka duk abin da na zaci rai ba ya yi sai da shi:
riga huɗu, tocila, cajar waya biyu,
littafin da na shekara ina yi wa alkawari,
da kilishin da Yaya Tabawa ta aiko tun Sallah.
Na goya ta kamar ɗan da ya ƙi yaye.

Mota ta sauke ni a Epe da hantsi.
Ban tambayi kowa hanyar kasuwa ba,
hanci ne ya ja ni gangare.

Kasuwar na zaune a bakin ruwa, ƙafafunta a jiƙe.
Tarwaɗa na juyi a baho
da gashin baki irin na tsohon ɗan sanda,
ƙaguwa an ɗaure su biyar-biyar, ba su fasa neman faɗa ba,
hayaƙin banda yana wanke wa kowa ido.
Iya Mulika ta ɗago mini kifi tsawon hannuna,
ta yi kuɗi da Yarbanci, na taya da yatsu,
ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.
"Mala, ina tukunyarka?"
Gaskiyarta.
Wanda ya goyo gidansa ai ba shi da murhu.
Na sayi banda biyu, ta naɗe mini a tsohuwar jarida.

Bayan Azahar na rabu da kwalta.
Jar ƙasa, gonakin rogo,
itatuwan kwakwar manja sun yi sahu suna jiran liman.
Wannan ma Legas ce?
Shekara tara ina cikinta,
na ɗauka gada ce kawai da hon da kukan janareto.
Ashe ta ɓoye tsuntsaye a bayan ɗaki.

Daf da La'asar hannun jakar ya tsinke.
Tas!
Ta faɗi a taɓo, bakinta a wage,
asirina duk ya zube a hanya.

Wani tsoho na ɗinkin koma a gindin mangwaro.
Ya nuna ƙirjinsa: Lamidi.
Ba ya jin Hausa,
ni kuma Yarbancina kalma goma ne, duk na ciniki.
Ya karɓi jakar, ya jinjina ta, ya dube ni,
ya girgiza kai yadda ake yi wa mai lodin jaki.
Da koren zaren komarsa ya ɗinke ta,
ya gatsa ƙullin da haƙoran da suka rage masa.
Na miƙa kuɗi, ya ture hannuna.
Na miƙa tocila. Ya kunna, ya kashe, ya kunna.
Ita ya karɓa.

Ya tsallakar da ni a kwalekwale.
Kainuwa na buɗe mana hanya tana rufewa a bayanmu,
kamar ruwan ba ya son a san mun wuce.

Na kwana a barandar masallacin ƙauyensu.
Ruwan sama ya kwana yana kiɗa a kwano,
sauro suka yi walima da baƙo.
Jikokinsa sun cinye kilishin suna hura baki,
ni na sha garin rogo mai tsami da bandar Iya Mulika.
Waya ta mutu. Ban yi mata ta'aziyya ba.

Da safe na bar riga biyu a kan igiyar shanya.
Littafin kuwa ya sha taɓo ya kumbura,
na dawo da shi, har yau alkawari ne.

Yanzu jakar na rataye a ƙusa a bayan kanta.
Mai saye ya shigo, ya ja hanci,
ya ce, "Sallau, kifi ka koma sayarwa?"
Sai in dubi koren zaren nan,
in tambaye shi me zan ba shi.